Abin da Halti Dalila Ta Faɗa wa Sinyor

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

An koma makaranta. Na canza wurin zama a ajin Italiyanci. Tun farkon shekara benci ɗaya muke zama ni da ƙawata Gufran, yau na wuce ta na tafi can baya kusa da Iskandar, wanda kowa ke gudu saboda surutunsa. Ta waiwayo ta dube ni. Na buɗe littafina.

Madam Suwaisi ta koya mana sunayen dangi. Madre, uwa. Padre, uba. Zia, inna ko gwaggo, duk ɗaya ne a wurinsu. Muna ta maimaitawa kamar 'yan firamare, mu da baɗi za mu zauna jarrabawar fita. Ni dama ba son yaren nan ne ya kawo ni ba. Gufran ce ta ce mu ɗauke shi, ya fi Jamusanci sauƙi, kuma uwarta za ta riƙa taya mu aikin gida tunda ita ce mai yi wa Sinyor, Baturen da ke da kamfanin ɗinki, fassara. Uwarta, wai Halti Dalila, wato Inna Dalila. Da wannan sunan na tashi ina kiranta, don tare suka yi 'yanmatanci da uwata Munjiya, wadda nake kira Ummi.

Ummi tana gida. Na tarar ta wanke labulen falo, wanda ta wanke ranar Asabar.

Talata, da safe

Motar kamfani mai ɗaukar su Ummi ta tsaya a bakin layi ta yi hon kamar kullum. Ummi na tsaye a kicin riƙe da butar shayi. Ba ta motsa ba sai da motar ta tafi.

Laraba, 5 ga wata, da yamma

Bidiyon ya iso wayata. Wata daga cikin matan layin ɗinki ce ta ɗauka a ɓoye, ya gama zaga garinmu Jammal kafin ya zo gare ni.

Ba zan rubuta abin da ya sami Sawsan ta layin su Ummi ba. Cikinta ya tsufa, ƙofar bayi kuma a kulle take sai lokacin hutu, makullin yana ofis. Duk wanda ya ga kujerarta a bidiyon ya gane.

Ga Ummi ta miƙe daga kan kekenta, zare maƙale a rigarta. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Gaya masa, Dalila! Ce masa mu ba tumaki ba ne. Tambaye shi, da uwar da ta haife shi ce a kan keken nan, zai kulle mata bayi?"

Sai Halti ta juya wurin Sinyor, ta dafa ƙirji, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Shi kuma kalma ɗaya ya faɗa, yana nuna ƙofa. Fuori. Na duba a ƙamus. Waje.

Maganar Ummi doguwa ce. Ta Halti ko rabinta ba ta kai ba. Ina sauran ya tafi?

Na tambayi Ummi wajen cin abinci. Ta ce, "Bar maganar nan, Nurshan. Yi karatunki."

To, zan yi karatuna.

Alhamis, hutun ƙarfe goma

Yau siffofi muka yi. Alto, dogo. Bello, kyakkyawa. Stanco, gajiyayye, in mace ce stanca. Ina jin wannan na gane shi. Yana cikin bidiyon. Na tabbata.

Gufran ta ajiye min rabin burodinta mai kifin gwangwani a kan benci. Na miƙa wa Iskandar. Ya cinye a gabanta yana lashe yatsa.

Juma'a, bayan azahar

Na sa abin kunne na yi ta mai da bidiyon baya. Ƙarar kekuna ta cinye rabin maganar. È stanca, signore. Ta gaji, ranka ya daɗe. Sai non sta bene, wannan mun yi shi tun satin gaisuwa: ba ta da lafiya. Sai wani abu a ƙarshe, kamar kiyede skuza.

Ba tumaki. Ba bayi. Ba Sawsan.

Ba ta da lafiya! Ummi da tun rasuwar Baba ba ta taɓa fashin aiki ba, ko ranar da aka cire mata haƙori.

Lahadi, da hantsi

Ummi ta fara bin mata tsinkar zaitun. Tun duhu-duhu a-kori-kura ke ɗibarsu, su kusan ashirin a tsaye a baya. Jiya ta dawo yatsunta sun yi baƙi, ta kasa buɗe kwalbar mai sai da na buɗe mata. Yatsun da suke saka zip a wando ba tare da ta duba ba.

Halti ta zo ɗazu da kwanon kuskus a lulluɓe. Na tare ƙofa.

"Munjiya na ciki, 'yata?"

"Ba ta nan."

"To karɓi wannan. Da kifi na yi, irin wanda kike so."

"Mun ƙoshi."

Ta tsaya tana kallona. Turare take yi. Sabuwar jaka ce a kafaɗarta, ko kuwa ni ce ban taɓa lura da ita ba.

"Nurshan, akwai abin da ba ki sani ba."

"Ai ina koyo, Halti. Litinin da Alhamis."

Na rufe ƙofar. Na daɗe ina jin numfashinta a waje kafin takalminta ya motsa. Ban gaya wa Ummi ta zo ba.

Litinin, 10 ga wata, bayan tashi

Na jira kowa ya fita na je wurin Madam Suwaisi. Na ce a wani fim na ji kalmar. Ta gyara min rubutun a allo: chiede scusa.

"Yana neman gafara, ko tana neman gafara. Ya danganta da wanda ake magana a kai. Kin fara kallon finafinansu? Madalla, Nurshan, kin farka."

Tana neman gafara.

Uwata ta tsaya gaban mata sama da ɗari ta faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa, wannan matar ta haɗiye shi, ta ce wa Bature wai haƙuri take ba shi. Mutumin bai ma san me ya faru ba. Ya ga tsohuwa tana ihu, an ce masa ba ta da lafiya, ya kore ta. Da an gaya masa gaskiya da ya ji kunya. Ita kuwa ta tsira da kujerarta mai juyawa da na'urar sanyaya ɗaki.

Na yi tafiya har tashar mota na dawo don kar Ummi ta ga fuskata.

Talata, a aji

Ban yi wa Gufran magana ba.

Laraba, da yamma

Gufran ta tare ni a bakin famfon makaranta.

"Wai ke me na yi miki?"

"Ke? Ba komai."

"To mamana? Wallahi kullum sai ta yi kuka."

"Da wane yare?"

Idonta ya cika. Da can in ta yi haka ni ma sai nawa ya cika. Yau na tsaya ina kallon yadda hancinta ke ja, na ga ashe ba ta da kyau in tana kuka.

Alhamis, 13 ga wata, da azahar

Madam ta ce Litinin jarrabawar baka. Kowa zai fito gaban allo ya bayyana wani gida, nasu ko na wani, da jimloli gajeru. Ta ce kar kowa ya wahalar da kansa, abin da muka koya ya isa.

Ya isa kuwa.

Asabar, bayan la'asar

Ruwa ake yi tun safe, Ummi ba ta je gona ba. Tana zaune tana shafa wa gwiwarta man zaitun, ni ina gefenta da ƙamus. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ban taɓa ganin kin duƙufa haka ba."

Na samo maƙaryaciya: bugiarda. Daɗin faɗa gare ta, tana cika baki. Na samo mai gida, mai kamfani: padrone. Ina so in ce tana bayansa, ba ta bayan mata 'yan uwanta. Sta, tana. Con, tare da. Na haɗa. Na yi ta faɗa a gaban madubin bayi har harshena ya daina tuntuɓe.

Litinin, 17 ga wata, da yamma

Na yi.

Ni ce ta shida. Waɗanda suka riga ni duk abu ɗaya: babana dogo ne, mamana kyakkyawa ce, muna da mage. Na fito. Na tsaya gaban allo.

"Questa è la famiglia di Gufran. La madre si chiama Dalila. È bella. È bugiarda. Sta con il padrone."

Wato ga gidan su Gufran, sunan uwar Dalila, kyakkyawa ce, maƙaryaciya ce, tana tare da mai kamfani. Yawancin ajin ba su gane komai ba sai sunan. Amma Iskandar, da yakan je hutu Palermo, can ƙasar su Sinyor, wurin kawunsa, ya buga benci ya yi fito.

"Kai! Kai! Da Sinyor? Uwar Gufran?"

"Me ta ce? Me ta ce?"

Ya faɗa musu da Larabci, har da nuni da yatsu biyu. Aji ya kaure. Gufran ta miƙe, jakarta ta zube, ba ta tsaya kwashewa ba.

Madam ta ja ni waje. Leɓenta ya yi fari.

"Kin san abin da kika ce?"

"Na ce tana goyon bayan mai kamfani."

"Ba haka kunne ke ji ba. In aka ce mace sta con wani namiji, ana nufin nemanta yake yi, suna tare. Matar aure kika faɗa wa haka, Nurshan. Koma ciki yanzu ki ce kuskure ne."

Wallahi ban sani ba sa'ad da na haɗa jimlar. Wannan gaskiya ne. Na tsaya a barandar nan ina jin ihun ajin, na tuna yatsun Ummi a kan kwalbar mai.

"Ban san yadda ake gyara shi da Italiyanci ba, Madam. Ba ki koya mana ba tukuna."

Ta ba ni sifili. Ta shiga ta yi musu bayani da kanta, amma wa ke sauraro.

Talata, da safe

Barci na yi har Ummi ta tafi ban ji ba. Rabon da in yi irinsa tun kafin hutu.

Laraba, hutun ƙarfe goma

Gufran ba ta zo ba. Jiya ma haka. 'Yan ajin Jamusanci suna tambayata wai da gaske ne. Na ɗaga kafaɗa.

Alhamis, 20 ga wata, bayan magariba

Maganar ta fita daga makaranta. Na je sayen burodi na ji matar mai gasawa tana gaya wa wata wai an sha ganin motar Sinyor a bayan asibiti da Dalila a ciki. Ɗayar ta ce dama ita ta daɗe tana mamakin jakunkunan nan. Ni ban ce mota ba. Ban ce asibiti ba. Na karɓi burodina da zafinsa.

Su ji yadda ake ji in an sa maka magana a baki.

Juma'a, da yamma

Motar kamfani ta yi hon a ƙofar su Gufran har sau uku, ba wanda ya fito. An ce Ammi Lutfi, baban Gufran, ya bar shagon gyaran babur ɗinsa a buɗe ranar Laraba ya tafi gida, maƙwabta sun ji fashewar kwanuka. An ce Halti tana garin Muknin wurin tsohuwarta.

Ummi ta dawo daga gona ko mayafi ba ta cire ba.

"Kin ji abin da ake faɗa a kan Dalila? Dalila! Matar da ko hannu ba ta ba namiji. Duk wanda ya ƙago maganar nan, Allah ya isa tsakanina da shi."

Ta kira wayarta, a kashe. Ta sake kira.

Na ci abincina. Na ƙara.

Asabar, 22 ga wata, da safe

Saura Sinyor. Ba don in roƙe shi ba. So nake maganar Ummi ta isa inda aka aike ta, ya ji ta yadda take, ya san wadda ya kora da wadda ya ajiye. Na samo tumaki: pecore. Sauran duk mun yi a aji. Ranar Asabar da azahar suke tashi.

Asabar, ban san ƙarfe nawa ba

Na tsaya daga gefen ƙofar kamfanin har matan suka gama shiga mota. Wasu sun gane ni, suka kau da kai. Can ya fito, gajere ne ashe, da tumbi da makullin mota a hannu. Mai gadi ya taso, ya ɗaga masa hannu ya koma.

Na ce, "Signore. Sono la figlia di Munjiya. Mia madre non è stanca. Mia madre non chiede scusa. Noi non siamo pecore."

Wato ni 'yar Munjiya ce, uwata ba ta gaji ba, ba ta neman gafara, mu ba tumaki ba ne. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya saurara har na gama, kansa a karkace. Sai ya yi murmushi ya amsa min da Larabci. Larabcinmu na Jammal, har da yadda muke jan ƙarshen magana.

"Sannu, 'yar Munjiya. Ai na ji ta tun ranar. Na ji tumakin, na ji abin da ta ce a kan uwata."

Ya ci gaba, yana kaɗa makullin.

"Tun ba a haife ki ba nake garin nan. Dalila ce ta yi ta kwaskwarima, wai ta gaji, wai tana ba da haƙuri. Ƙarya ta yi min a gaban idona don ta ceci ƙawarta. Bayan nan ma kullum tana ofishina, a mai da Munjiya, a mai da Munjiya, har ta ishe ni."

"To me ya sa kake ajiye mai fassara?" Da Larabci na tambaya. Italiyancin ya gudu.

"Mutane sun fi sakin baki in sun ɗauka ba ka ji." Ya buɗe motar. "Ga shi ita ma ta ɓace min, ko waya ba ta ɗauka. Lafazinki ba laifi. In kin gama makaranta ki zo, ina neman wadda za ta zauna a wurinta."

Ya ja motarsa. Na tofa yawu, a kan ƙura ya sauka.

Allah ya sa ya tsufa shi kaɗai a ɗakin da ba mai jin yarensa. Allah ya sa fitsari ya matse shi a bayan ƙofar da ba shi da makullinta. Allah ya sa ya kira, a ji, a yi kamar ba a ji ba.

Lahadi, da hantsi

Ban fita ba. Na goge bidiyon. Na sake roƙon a turo min.

Litinin, 24 ga wata, bayan la'asar

Madam Suwaisi ta zo gidanmu da kanta. Ina ɗaki ina jin su. Da ta tafi Ummi ta shigo ta tsaya a kaina. Na jira mari. Da ma ta mare ni.

"A daren ranar Dalila ta zo ta gaya min abin da ta ce masa, kalma da kalma. Na yi fushi da ita, na ce wa ya aike ta ta ba da haƙuri da sunana. Fushina ne. Tsakanina da ita ne, da mun gama shi a kan kofin shayi. Wa ya sa ki a ciki?"

"Ba ki gaya min ba."

"Ke uwata ce da zan kawo miki ƙara?"

Na ce don ita na yi. Ta ce kar in ƙara faɗin haka muddin tana da rai. Ta ce in sa takalmina.

Shagon Ammi Lutfi muka je. Yana tsugune gaban wani babur, maza uku na zaune a benci. A gabansu Ummi ta sa na faɗa: ni na haɗa jimlar, daga ƙamus, ban ga komai ba, ban ji komai ba, ba mota, ba asibiti. Mazan suka sunkuyar da kai. Shi bai ɗago ba, yana ta juya sifana a kan ƙusar da ta riga ta ɗauru.

"Na ji, Munjiya. Kai ta gida."

"Za ka je Muknin ka ɗauko matarka?"

"Na ce na ji."

A hanya Ummi tana gaba ina baya. Ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya.

Talata, da safe

Ummi ta hau motar Muknin ita kaɗai. Ta bar min abinci a rufe. Ba ta tashe ni ba.

Laraba, da yamma

Ta dawo. Halti ba ta biyo ta ba. Na tambaya, ta ce, "Ta ce a gaishe ki." Ban san yadda zan ɗauki wannan ba, kuma fuskar Ummi ba ta taimake ni ba.

Na ga motar Sinyor a gaban kantin magani. Fara, an wanke ta tas. Na tsaya a tsallaken titi har ya fito ya tafi. Yanzu na san inda yake sayen maganinsa.

Alhamis, 27 ga wata, bayan tashi

Gufran ta dawo. Ta yanke gashinta. Ta shigo ana tsakiyar darasi, aji ya yi tsit, ko Iskandar bai yi tari ba. Madam ta ce ta zauna inda take so. Ga tsohon bencinta babu kowa, amma ta wuce shi, ta zo har baya ta ce wa Iskandar ya matsa. Ya kwashi littattafansa ba musu.

Ta zauna kusa da ni. Ta fito da biro, ta rubuta kwanan wata, ta ja layi da rula. Duk abin da Madam ta ce a maimaita ta maimaita da ƙarfi. Kafaɗarta na taɓa tawa, ba ta janye ba, ni ma ban janye ba. Na yi ta juya abin da zan ce mata, na kasa samun farkonsa.

Da aka kaɗa ƙararrawa na ce, "Gufran."

Ta rufe biron, ta sa a jaka, ta ja zip. Sannan ta dube ni. Idonta a bushe.

"Kin gama naki?"

Ba ta jira amsata ba.

"To zauna nan kusa da ni, kar ki canza wuri. Yanzu saura ni in yi nawa."